Guzurin Mai Karatu a Kan Littattafan Almara, da Na Ƙagaggen Kimiyya, da Na Ban Tsoro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanar da shi magana, Ya ba shi hankalin da yake tuna abin da ya wuce da shi, yake kuma suranta abin da bai taɓa gani ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, mai gaskiya abin gaskatawa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, Allah Ya yi mana jagora da ni da kai, ka sani tambaya ta yawaita a bakin ɗalibai da iyaye game da littattafan nan iri uku da suka cika wayoyin matasa: na almara, masu aljanu da dodanni da ƙasashen da babu su, da na ƙagaggen kimiyya, masu tafiya sararin samaniya da mutum-mutumin ƙarfe da zamanin da bai zo ba, da na ban tsoro, masu fatalwa da kufai da ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare. Wani yana tambaya ko ya halatta a karanta su tun farko. Wani kuma ya riga ya tsunduma, abin da yake so a gaya masa shi ne wanne zai ɗauka wanne zai bari, tunda littafin da a da sai an je kasuwar Kurmi ko Sabon Gari a nemo shi, yau yana cikin aljihu, dubu bisa dubu. Na ga ya dace in tattara abin da ya sawwaƙa a kan tambayoyin biyu, in ambaci littattafai da marubutansu, don shawarar da ba ta kama suna ba, ba ta kai mai nema ko'ina. Da Allah nake neman taimako.

Fasali na farko: hukuncin ƙagaggen labari

Asalin shubuhar ita ce ƙarya. Ƙarya haramun ce, har ya zo a hadisi cewa bone ya tabbata ga mai shirga ta don ya ba mutane dariya. To mai ƙaga labari fa? Amsar da malamai da yawa suka bayar ita ce, ƙarya ita ce ka ba mutum labarin abin da bai faru ba kana so ya ɗauka ya faru. Idan mai faɗa da mai ji duk sun san misali ake bugawa, babu wanda aka yaudara. Malamin nahawu ya fi shekara dubu yana cewa Zaidu ya bugi Amru, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Malamin fiƙihu yana ƙaddara mutuwar wanda bai mutu ba, ya bar masa mata kaza da 'ya'ya kaza, don ɗalibi ya iya rabon gado kafin ranar ta zo.

Hujja mafi kusa da mu tana cikin zaurukanmu. Muƙamar Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, littafi ne da manyan ɗalibai ke durƙusawa gaban malami su karanta don neman lugga. Muƙama hamsin ce, kuma daga Abu Zaidin Saruji mai wayo har Harisu ɗan Hammamu mai ba da labarinsa, tafiye-tafiyensu duk ƙage ne. Hariri ya san za a zarge shi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa ba a taɓa jin an ɗora wa masu labaran da aka sa a bakin dabbobi laifi ba, kuma ayyuka da niyya suke. Irin labaran da yake nufi su ne na Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa'i ya juyo daga Farisanci zuwa Larabci a ƙarni na 8, zaki yana sarauta, dila yana annamimanci. Kakanninmu mata ma sun warware wannan mas'ala ba tare da sun buɗe littafi ba. Tsohuwa in ta gama tatsuniya takan ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ta fita haƙƙin yaran ke nan, ta sanar da su abin da suka ji.

Sai dai maganar tana da ɗaya gefen. Masu tafsiri sun ambaci Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ya koyo labaran Rustumu da Isfandiyaru na Farisa, yakan zauna ya ba mutane su don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani, kuma da yawansu sun danganta ayar nan ta farkon Suratu Luƙman da ta zargi mai sayen zancen shagala da shi. Laifin Nadru shi ne abin da ya nufa da labaran da kuma abin da ya ture da su. Saboda haka hukuncin labari yana bin abin da ke cikinsa, da abin da yake hana ka, da abin da yake bar maka a zuciya.

Fasali na biyu: ma'auni

Kafin littafi ya shiga gidanka, ka tsayar da shi a ƙofa uku. Ta farko aƙida. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Akwai bambanci tsakanin labarin da boka ko matsafi ya fito a cikinsa kamar yadda Dodo ke fitowa a tatsuniya, da littafin da ke ƙawata tsafi, yana koyar da kiran aljanu, ko yana izgili ga Allah da manzanninsa da mala'iku. Na biyun ba shi da mazauni wurin mumini, komai daɗinsa. Ta biyu kunya. Da yawa daga sababbin littattafan almara na Turai da Amurka an rubuta su ne don manya, kuma wasunsu cike suke da batsar da bango ba ya nunawa. Ta uku lokaci. Al'adarmu ta hana tatsuniya da rana, kuma hikimar a bayyane take: rana ta aiki ce. Littafin da ya sa ka makara sallar Asuba ya karɓi abin da ya fi abin da ya ba ka.

In littafi ya wuce ƙofofin nan, ya zama halal ke nan, amma ba kowane halal ne ya cancanci daren mutum ba. Ma'aunin da nake fifita wani littafi a kan wani da shi guda ne: ya nuna wa ɗan Adam iyakarsa? Irin waɗannan labarai suna ba mutum abin da bai da shi a duniya, su ba shi zoben mulki, ko injin ratsa zamani, ko ikon roƙo a biya masa nan take, sannan su tsaya su ga abin da zai yi. Marubuci mai rauni yakan bar gwarzonsa ya cinye duniya ya sha ruwa, mai karatu ya tashi da kumburin kai. Gwani kuwa yakan bi shi har inda ƙarfin ya juyo ya ci mai shi. Wannan shi ne darasin Fir'auna da Ƙaruna da Namarudu, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Duk littafin da zan ambata a ƙasa da wannan ma'auni na auna shi.

Fasali na uku: almara

Ka fara da na gida. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka buga waɗanda suka yi fice a 1934. A cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda Alhaji Imam ke ratsa ƙasashen mutane da na aljanu neman ruwan magani, shi da Malam Zurƙe suna ta ɗana wa juna tarko, kuma masu nazari sun nuna inuwar Abu Zaidi da Harisu a kan mutanen nan biyu. Akwai Ganɗoki na wansa Bello Kagara, jarumin da ya ƙi mulkin Nasara ya nausa gabas yana yaƙar aljanu. Bayansu Magana Jari Ce ya fito juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951. Wanda bai karanta waɗannan ba bai kamata ya yi gaggawar tsallaka teku ba. A ƙasar Yarabawa kuma D. O. Fagunwa ya fitar da labarin maharbin da ya shiga dajin iskoki a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Ingilishi a 1968 da sunan Forest of a Thousand Daemons.

Dare Dubu da Ɗaya kuwa sai da tankaɗe. Tun a ƙarni na 10 Ibnun Nadim, mai littafin Fihrisa, ya ga asalinsa na Farisa ya kushe shi, kuma cikakkun bugunsa suna da labaran da ba a karantawa gaban yara. Amma a cikinsa akwai Labarin Birnin Tagulla, wanda ba ni da kamarsa a wannan babi. Halifa Abdulmaliku ɗan Marwanu ya ji labarin tulunan tagulla da Annabi Sulaimanu ya kulle aljanu a ciki, ya tura Musa ɗan Nusairu ya nemo. Ayarin ya iske birni mai ganuwa babu ƙofar da ake gani. Duk wanda ya hau kan ganuwar sai ya hango 'yan mata suna yafuto shi, ya faɗa ya mutu, har sai da wani tsohon shehi ya hau yana karanta ayoyin tsari. Da aka buɗe, sai ga kasuwa cike da alharini da zinariya, 'yan kasuwa kowa a rumfarsa, duk matattu. Yunwa ce ta kashe su, dukiyarsu ta kasa saya musu abinci. Sarauniya na kan gado kamar mai rai, ga allo yana gargaɗi kada a taɓa kayan jikinta. Wani daga cikin ayarin ya ce me matacciya za ta yi da lu'ulu'u, ya hau matakala, gumakan da ke gadinta suka sare masa kai. Sunayen halifa da kwamandansa na tarihi ne, labarin kuwa ƙage ne, kada ka kafa hujja da shi. Amma wa'azinsa a kan duniya ya fi na huɗubobi da yawa ratsa jiki.

Daga na Turawa, babba shi ne The Lord of the Rings na J. R. R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, da magabacinsa The Hobbit na 1937 wanda ya fi sauƙi ga yara. Jaruman almara sukan yi tafiya don su samo abu. Wannan tafiya ce ta zuwa jefar da abu: zoben da ke ba mai shi iko, yana cin zuciyarsa a hankali. Masu hikimar labarin an miƙa musu shi sun ƙi karɓa don tsoron abin da za su zama. Ƙaramin mutumin da ya ɗauke shi ma, da ya isa bakin wutar da zai jefa shi a ciki, zuciya ta rinjaye shi ya ce nasa ne, kuma abin da ya cece shi wani tausayi ne da ya taɓa yi wa wata ƙasƙantacciyar halitta. Littafin ba shi da batsa, sai dai yana da tsawo kuma Ingilishinsa na da nauyi. Jerin Narnia na abokinsa C. S. Lewis kuwa, iyaye su sani an gina shi a kan aƙidar Kirista: zakin da aka yanka fansar mai laifi ya tashi daga matattu, sannan mugayen wasu juzu'an masu rawani ne da lanƙwasassun takubba.

Fasali na huɗu: ƙagaggen kimiyya

Malaman Musulmi sun daɗe da gwada tunani ta hanyar labari. Ibnu Ɗufailu na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan: jariri shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Ranar da ta mutu ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya fita ya bar ta, daga nan ya bi dalili mataki mataki har ya kai ga sanin Mahalicci. An juya shi zuwa Latin a 1671, zuwa Ingilishi a 1708. Ibnun Nafis, likitan da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, wanda ya rasu a 1288, ya rubuta Risalatul Kamiliyya a kan irin wannan tsari don ya nuna hankali da kansa yana kai mutum ga buƙatar annabci. Na farkon yana da falsafar da ta fi kyau a karanta gaban malami. A Hausa muna da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya. A Bangal kuma wata Musulma, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta Sultana's Dream a 1905, ta suranta ƙasar da ake girki da hasken rana tun kafin faifan sola ya yaɗu.

Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara Frankenstein, aka buga shi a 1818. Ɗalibin kimiyya ya harhaɗa gaɓoɓin matattu yana son ya yi halitta, a daren da abin ya buɗe ido ya tsorata ya gudu ya bar shi. Halittar ta nemi mai kulawa ta rasa, ta koma ta kashe masa ƙane da aboki da amarya. Rayarwa ta Allah ce Shi kaɗai, kuma labarin da kansa hukunci ne a kan mai shiga hurumin da ba nasa ba. A zamanin da ake ƙera na'urori masu kwaikwayon tunanin mutum, tambayarsa tana nan: wa zai ɗauki alhakin abin da hannu ya ƙera?

H. G. Wells ya fitar da The War of the Worlds a 1898, lokacin da Ingila ke ganin babu na biyunta. Ya sauko da mayaƙa daga duniyar Mirriku a kusa da Landan, da injina masu ƙafa uku da hasken da ke ƙone runduna, ya sa Turawa suka ɗanɗani gudun hijira, har ya tuna musu da abin da suka yi wa mutanen Tasmaniya. Shekara biyar bayan haka, a 1903, bindiga mai ruwan harsashi ta isa Kano da Sakkwato da Burmi, don haka Bahaushe zai karanta shi da wani ido daban. Maharan ba soja ne ya kashe su ba, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, kuma duk wanda ya san abin da masu tafsiri suka ruwaito na Namarudu da sauro zai gane wannan ƙarshe. Jules Verne na Faransa shi ma yana da daɗi ga matasa, amma ka duba Five Weeks in a Balloon na 1863: ya bi da matafiyansa ta saman Tafkin Cadi da Kukawa da Agadas da Tumbutu, wuraren da bai taɓa takawa ba, ya siffanta mutanensu da raini. Karanta shi ka ga yadda ake zana ka in ba ka zana kanka ba.

Dune na Frank Herbert, na 1965, kifi ne mai ƙaya: babba ya ci tsoka ya tsame ƙayar, yaro kuwa ba a miƙa masa sai an gyara. Duniya ce ta hamada inda ruwa ya yi tsadar da har na jikin mamaci ake tacewa, mutanenta suna jiran Mahadi. Herbert ya ari sunaye da yawa daga Musulunci ya cakuɗa su da wasu addinai, don haka ba a koyon addini a wurinsa. Abin ɗauka shi ne yadda wani yaro ɗan sarauta ya hau kan jiran da talakawa ke yi, aka kashe biliyoyi da sunansa. Waɗanda suka ga fitinar Maitatsine a Kano a 1980 ba sa buƙatar sharhi.

Wanda na fi so ka nema shi ne gajeren labarin Ted Chiang, The Merchant and the Alchemist's Gate, na 2007, wanda ke cikin tarinsa Exhalation. Wani ɗan kasuwar Bagadaza ya sami ƙofar da ke mayar da mutum baya shekara ashirin. Ya taɓa yi wa matarsa magana mai zafi ya yi tafiya, kafin ya dawo bangon masallaci ya faɗo mata. Ya shiga ƙofar ko zai tarar da ita, alhali mai ƙofar ya gaya masa abin da ya faru ba ya canzawa. Bai canza komai ba, amma ya samo abin da bai sani ba game da sa'arta ta ƙarshe, ya gane cewa abin da ya rage wa bawa game da jiya shi ne tuba da kaffara da neman gafara. Marubucin ba Musulmi ba ne, amma ya rubuta ƙaddara da ladabin da ya kamata mu yi koyi da shi.

Fasali na biyar: ban tsoro

A nan aka fi buƙatar taka-tsantsan, don tsoro ibada ne in an kai shi inda ya dace, cuta ne in an kai shi wani wuri. Riƙe asali uku. Aljanu gaskiya ne, amma ba su san gaibu ba: Suratu Saba'i ta ba mu labarin yadda suka ci gaba da wahalar aiki Annabi Sulaimanu na tsaye a mace, ba su sani ba sai da gara ta ci sandarsa. Mamaci ba ya dawowa yawo, akwai shamaki tsakaninsa da duniya har ranar tashi. Kuma babu mai cutarwa ko amfanarwa sai da izinin Allah. Wanda ya riƙe waɗannan, fatalwar littafi ba ta fi Dodon tatsuniya ba a wurinsa.

Mafi kyawun labaran ban tsoro abin tsoronsu yana cikin mutum ne. The Monkey's Paw na W. W. Jacobs, na 1902, bai wuce zama ɗaya ba. Wani tsohon soja ya kawo wa wasu tsofaffi busasshen hannun biri daga Indiya, wai yana biyan buƙata uku, ya gargaɗe su su ƙone shi. Maigidan ya roƙi fam 200 don ya biya bashin gida. Washegari aka aiko daga masana'anta cewa inji ya kama ɗansu tilo, kuma diyyar da kamfani zai bayar fam 200 ce cif. Bayan kwanaki uwar ta tilasta wa mijin ya roƙi ɗan ya dawo. Can cikin dare aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Tana kokawa da sakata, shi kuwa, da yake ya ga yadda injin ya yi da gawar, yana lalube a ƙasa neman hannun birin don roƙo na uku. Marubucin bai nuna maka abin da ke bayan ƙofar ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya nemi biyan buƙata wurin laya ya ga irin biyan da take yi.

A wannan layi akwai The Tell-Tale Heart na Edgar Allan Poe, na 1843, mai kisan da ya binne gawa ƙarƙashin daɓe, ya zauna yana hira da 'yan sanda har bugun zuciyar da shi kaɗai ke ji ya sa ya tona kansa. Akwai Dr Jekyll and Mr Hyde na Stevenson, na 1886, likita mai mutunci da ya haɗa maganin da zai ware masa mugun ɓangarensa ya yi sha'aninsa a ɓoye, har mugun ya daina jiran magani. Mai jin Larabci ya nemi jerin Ma Wara'aɗ Ɗabi'a na likitan Masar Ahmad Khalid Taufiƙ, wanda ya faro shi a 1993, ya rasu a 2018, da Frankenstein fi Bagdad na Ahmad Sa'adawi, na 2013, inda mai sayen tsofaffin kaya ke tsintar gaɓoɓin waɗanda bam ya tarwatsa don a yi musu sutura. Wannan na ƙarshen na manya ne. H. P. Lovecraft kuwa, da ake ta yabo, ba na ba da shawararsa ga mai tasowa: duniyarsa ba ta da Ubangiji mai rahama, ƙyamarsa ga baƙar fata a fili take, kuma littafin tsafin da ya danganta wa wani mahaukacin Balarabe shi ya ƙaga shi, ko da yake 'yan kasuwa sun buga littattafai da sunan daga baya.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne na gida da ake yaɗawa a waya da muryoyi ana cewa labarin gaskiya ne: aljanar da ta auri direba, tsohuwar da ta kama kurwar jariri. Wannan ya fita daga misali ya koma ƙaryar da aka haramta, ga tsoratar da Musulmi wanda hadisi ya hana. Kuma yana da waɗanda yake ci, don da irinsa ne unguwa ke tashi ta yi wa tsohuwa marar gata tambarin maita. Mai fama da waswasi, da yaro ƙarami, da wanda ke kasa fita alwala da dare bayan karatu, su bar wannan babi gaba ɗaya.

Fasali na shida: inda ake samu, da ladabin karatu

Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin na Shelley da Poe da Verne da Stevenson da Jacobs da na farkon Wells, suna nan kyauta a taskar Project Gutenberg, wadda aka faro tun 1971, kuma LibriVox na da su da murya ga mai son sauraro. Mu'assasar Hindawi ta Masar tana ba da littattafan Larabci kyauta, har da fassarar wasu daga cikin waɗannan. Mujallar Omenana, da wasu marubutan Najeriya suka kafa a 2014, tana buga sababbin labaran marubutan Afirka, haka Clarkesworld da Strange Horizons suna buga na duniya, sai dai mujallu na manya ne, kowane labari sai an tsayar da shi a ƙofofin nan uku.

Littafin da haƙƙinsa ke hannun mai shi ko magadansa, saye ake yi ko aro. Marubutanmu na Hausa sun daɗe suna kuka da masu ɗaukar hoton littafi su watsa a WhatsApp, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa, ta wanda ba Musulmi ba ma amana ce. Uba ya riga ɗansa karanta abin da zai ba shi, ko ya tambayi wanda ya karanta, sannan ya zauna su tattauna: me wannan mutum ya nema, me ya same shi, ina ya ƙetare iyaka? Ka sa wa karatun nan lokaci bayan ka sauke wuridinka na Alƙur'ani da darasinka, kada ya riga su. In ka rufe littafi da dare, ka rufe darenka da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kamar yadda sunna ta koyar.

Kammalawa

Ga masu alƙalami a cikinmu kuma akwai aiki. Tun Tauraruwa Mai Wutsiya ba mu yawaita rubuta gobe da harshenmu ba, alhali hamada na matsowa, Tafkin Cadi ya ja baya, na'ura na karɓe sana'o'i, kuma yaranmu suna karanta yadda wasu suka suranta wannan gobe ba tare da mu a ciki ba. Wanda Allah Ya ba baiwar ƙaga labari ya rubuta, ya gyara niyya, ya faɗa wa mai karatu cewa ƙage ne.

Abin da ya dace a cikin wannan maƙala daga Allah yake. Muna roƙonSa Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, Ya sa tsoronSa ya fi tsoron kowa girma a zukatanmu, Ya shirya mana zuriya. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.